Idan yaro ya fara ƙin komawa makaranta, ki ajiye bulalar ki fara tambaya

Assalamu alaikum iyaye 'yan uwana, musamman mu da muke nan Jos. Maganar cin zalin yara a makaranta ce ta zaunar dani rubutun nan, kuma a cikin gidana abin ya faru ba labari aka bani ba, shi yasa zan ɗan ja shi da tsawo kuyi haƙuri dani.

Yarona na fari yana JSS1 a wata makarantar kwana, bazan kama sunanta ba. Tam ɗin farko lafiya lau, daga tam na biyu ne, wato Janairu lokacin da hunturu ke kan ganiyarsa, kun dai san sanyin garin nan ko ruwa mutum baya son taɓawa da asuba, sai abubuwa suka fara canjawa. Naje bizitin na tarar babu suwaitarsa, yace ta ɓata. Na sayo wata, kafin hutun tsakiyar tam itama babu. Furobishan da nake haɗa masa, gari da suga da madara da ƙuli-ƙuli da yajin da nake dakawa da hannuna, abinda ya kamata ya kai shi wata guda sai yace ya ƙare cikin sati ɗaya. Ni kuma faɗa kawai nake, nace sakaci ne, nace bai san zafin nema ba, har na rantse in ya sake ɓatar da suwaita sai na zane shi. Ranar komawa ya tashi da ciwon ciki, na bashi magani nace lalaci ne, Abbansu ya saka shi a mota aka tafi.

Hajiyata ce ta gano. Da akayi hutu yaje gidanta a Gangare, kun san wasan kaka da jika, maigidana take ce masa, tana tsokanarsa wai ya rame da me zai ciyar da ita, shi kuma yana ta cewa bayansa na ciwo, ta ɗaga rigar zata shafa masa man zafi sai ga shatin bel a jere, wani ya warke wani sabo. Nan ya fashe da kuka ya faɗa mata komai. Wani siniya ne ɗan SS2 ya karɓe suwaitun duka biyun, shi ke riƙe da makullin lokarsa, ƙarfe huɗu na asuba yake tashinsa ɗebo ruwa cikin wannan sanyin, in ya makara tsallen kwaɗo ne ko durƙuso kan tsakuwa, in yayi kuka a ƙara masa. Da Hajiya ta kirani na zo jikina na rawa nace masa don me baka faɗa min ba, sai yace "Umma ai kince zaki zane ni in na sake ɓatarwa, kuma Abba yace namiji baya kuka." Wallahi har yau in na tuna maganar nan sai naji ƙirjina yayi nauyi. Siniyan ya dake shi, amma mu muka rufe masa baki tun daga gida.

To duk abinda zan faɗa a ƙasa a kan wannan yake tsaye. Yaron da ake cin zalinsa kafin ya buɗe baki sai ya auna me zai biyo baya a gida, in faɗa ne ko dariya ko "kai ma ka cika sanyi", zai haɗiye abinsa ya cigaba da shan wuya.

Amma bari mu fara raba wasa da cin zali, don da yawanmu muna cakuɗa su. Mu Hausawa muna da wasa kala-kala, na taubasai, na kaka da jika, na garuruwa, kuma a cikin irin wannan wasan kowa na dariya kowa na ramawa. Wani masani Dan Olweus wanda yayi aiki a jami'ar Bergen ta ƙasar Nowe, tun shekarun 1970 ya fara bin diddigin abin nan, ya nuna ana gane cin zali da abu uku, da gangan akeyi don a cutar, ana maimaitawa, kuma ɗaya yafi ɗaya ƙarfi, ko na jiki ko na aji ko na yawan abokai ko na kuɗin gida. Yara biyu sa'annin juna su kaure da faɗa a filin ƙwallo gobe su shirya, wannan faɗan yara ne a raba a yi musu nasiha. Amma yaro ɗaya kullum shi ake nufa kuma bashi da yadda zaiyi, wannan ba wasa bane ko da masu yin suna cewa wasa ne. Kuma abin yana da yawa fiye da yadda muke zato, rahoton hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNESCO, na 2019 yace kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya fuskanci cin zali daga 'yan uwansa ɗalibai aƙalla sau ɗaya a cikin watan da ya gabaci tambayar. Ki ƙirga yaran gidanku da na maƙota ki gani.

Ba duka kaɗai bane fa. Akwai ƙwace kuɗin brek, akwai laƙabi, yaro mai in'ina a dinga kwaikwayonsa in malam ya tashe shi karatu, zabiya a saka masa suna, mai sikila ace masa gawa, yarinya baƙa a dinga yi mata waƙa, wanda takalminsa ya yage a mai da shi abin nuni a asembli. Na 'yan mata yafi wuyar gani don babu shati a jiki, kawai a haɗa kai a daina mata magana, in ta zauna a benci kowa ya tashi, ko al'ada ta zo mata a aji siket ya ɓaci a riƙe mata wannan har ƙarshen shekara.

Sannan akwai namu na Jos wanda bama son taɓawa. Rikicin 2001 da na 2008 da na 2010 sun raba mana unguwanni, yau akwai yaron Anguwar Rogo da bai taɓa shiga gidan Kirista ba, akwai yaron Kabong da bai taɓa cin abinci a gidan Musulmi ba, makaranta na cikin 'yan wuraren da suka rage da suke haɗuwa. Sai kaji yaro ɗan shekara 10 yana ce ma ɗan ajinsu arne, ko wancan yana ce ma wannan malo, ana taruwa a kan wanda su kaɗan ne a ajin. Yaran nan ko haihuwarsu ba'ayi ba lokacin da abin ya faru, a falonmu sukaji, a bakinmu. Duk ɓangaren da kike, in yaronki shi kaɗai ne irinsa a aji ki sa masa ido sosai, in kuma su ne masu yawa ki sa masa ido ta ɗaya fuskar.

Yanzu alamomi. Kaya na ɓata akai-akai, yunifom na yagewa, yaro ya dawo da yunwa kamar bai tafi da kuɗi ba, ko ya fara ɗaukar canji a jaka alhali ba halinsa bane, sau da yawa haraji aka ɗora masa. Ciwon ciki ko ciwon kai da baya zuwa sai safiyar Litinin ko ranar komawa bodin. Fitsarin kwance ya dawo bayan an daɗe da dainawa, firgita cikin barci, sakamako ya faɗi lokaci ɗaya, yaro mai surutu ya koma shiru, ko ya dinga sauke haushi kan ƙannensa. Ɗan jeka-ka-dawo kuma ki lura in ya canja hanya, ko yace bazai sake shiga keke ɗaya da su wane ba, don da yawa a hanya ake tare su bayan an tashi, inda babu malami. Guda ɗaya daga ciki ba hujja bace, amma in biyu uku suka haɗu to akwai magana.

Yadda zaki tambaya shine aikin. "Yaya makaranta?" amsarsa ɗaya ce, lafiya lau. Kada ki zaunar dashi a gabanki kamar ɗan sanda da ɓarawo, ki bari sai hannu na aiki, kuna gyaran wake ko kuna hanyar Terminus sayayya, ki jefa ƙananan tambayoyi. Da wa kake zama lokacin brek? Waye a ajinku yafi sa mutane dariya, kuma wa yake tsokana? Wane siniya ne juniyoyi suka fi tsoro a hostel ɗinku? Akwai wani yaro da ake takura masa? Wannan ta ƙarshen tana aiki sosai, yaro yafi iya bada labarin "wani abokina" kafin ya yarda shi ne. In ya fara magana ki daure kiyi shiru, kada ki zabura ki hau salati da ihu ki ɗauko mayafi, yana ganin haka zai janye don tsoronsa kenan, a je a tona shi siniya ya ninka masa. Ki bari ya gama. Sannan ki faɗa masa da bakinki, kin yarda dashi, ba laifinsa bane, kuma ya kyauta da ya faɗa, bazaki ɗauki mataki ba tare da ya sani ba.

Akwai kuma maganar alkunya. Da yawanmu bama kiran sunan ɗan fari, bama sakin fuska dashi a gaban mutane, haka muka tashi muka gani kuma ban ce a zubar ba. Amma ki sani wannan kawaicin yaro yana iya ɗaukarsa a matsayin ba'a son jin matsalarsa. In bazaki iya zama dashi ba to ki tabbatar akwai wanda zai iya, kakarsa, gwaggonsa, kawunsa, yayarsa, ki ce musu su dinga jansa da hira. Ni Hajiya ce ta cece ni.

Abu biyu da muke saurin faɗa kuma duk basa magani. Na farko "kayi haƙuri haka bodin take, mu ma an mana, kai ma zaka zama siniya." Wannan maganar ita ke riƙe da al'adar, wanda aka daka a JSS1 yana ƙirga shekaru yana jiran nasa lokacin. Na biyu na iyaye maza ne, "in ya dake ka ka rama, kada ka dawo min gida da kuka." Alhaji, yaro ɗan shekara 11 ina zai rama wa ɗan 17 mai abokai biyar? Ko ya gwada a ji masa ciwo, ko ya kasa ya zama yana jin kunyarka bazai sake faɗa maka komai ba. Abinda zaka koya masa shine ya ɗaga kai ya kalli mutum yace daina da murya mai ƙarfi, ya bar wurin ya nufi inda mutane suke, kada ya dinga zuwa bayi ko famfo ko bayan aji shi kaɗai a lokacin da ya san ana tare shi, ya samu ko aboki ɗaya da zasu dinga tafiya tare, kuma ya san wane malami zai samu. Ku gwada a gida ma, ke ki zama siniyan shi ya amsa, sau biyu sau uku har bakinsa ya saba. In an riƙe shi ana dukansa yana da damar ya ƙwaci kansa ya gudu, wannan daban da aika shi ramuwa.

Kafin ki taka zuwa makaranta ki haɗa hujja. Ki samu ɗan littafi ki rubuta rana da wuri da abinda akayi da waɗanda suka gani. In akwai rauni ki ɗauki hoto a ranar, ki kai shi asibiti likita ya duba ya rubuta a kati, ko Plateau Specialist ko JUTH ko asibitin unguwa, kati dai ya kasance a hannunki. Mu bamu yi wannan da wuri ba, shatin ya riga ya fara bajewa, kuma na ga yadda hakan ya rage mana ƙarfin magana.

A makaranta ki fara da malamin aji ko haus masta, in akwai malamin bada shawara ki haɗa dashi. Ki je da sanyin murya amma da takarda, kuma in da hali ku je tare da maigida ko wani babba namiji ko mace daga dangi, don mutum biyu sun fi wuyar sallama da "za mu duba". Kada ki tsaya kan a hukunta wane kawai, ki tambayi abinda zai canja daga gobe. Za'a raba musu ɗaki? Wa zai dinga zagaya hostel bayan an kashe wuta? Makullin loka zai dawo hannun mai shi? Ta yaya za'a binciki abin ba tare da an nuna yarona ne ya kawo ƙara ba? Wannan tambayar kada ki manta da ita, don wasu malaman da kyakkyawar niyya zasu kira yaran biyu gaban asembli a zane siniyan a ce su gaisa, daga nan kuma dare yayi malam ya tafi gidansa. Ki nemi a saka rana, sati ɗaya ko biyu, da zaki dawo a ji inda aka kwana. In babu abinda ya canja sai ki rubuta wa firinsifal wasiƙa, kofi biyu, a buga hatimi a naki ki ajiye.

Don Allah kada ki je ki kama ɗan mutane ki mara, kuma kada a tura yayyensa ko samarin layi su tare shi a hanya. Mun san garin nan, mun san yadda sara-suka ta cinye mana yara, faɗan aji in ya fito titi baka san inda zai tsaya ba, in kuma yaran addininsu daban to abin ma yana iya zama wani abu da yafi ƙarfin kowa. Maganar iyayen wancan yaron ma gara ayi ta a ofishin makaranta da shaida, sai dai in maƙota ne da kuka san juna, to a nan mai unguwa ko liman ko fasto na iya zaunar daku.

In makaranta ta nuna sunanta take karewa ba yaro ba, akwai gaba. Firamare da ƙaramar sakandare ta gwamnati akwai hukumar ilimin matakin farko ta jiha, wato SUBEB, sauran kuma har da masu zaman kansu Ma'aikatar Ilimi ta jiha ce ke sama dasu, akwai Ma'aikatar Harkokin Mata da sashen walwalar jama'a, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa, akwai ƙungiyar lauyoyi mata FIDA da ke taimaka wa mata da yara. Doka ma tana nan, an yi dokar haƙƙin yara ta ƙasa a 2003, jihar Filato ta amince da tata a 2005, kuma ta hana azabtar da yaro ko wulaƙanta shi. 'Yan uwanmu na Abuja kuma suna da dokar hana cin zarafin mutane, wato VAPP ta 2015, wadda hukumar yaƙi da fataucin mutane NAPTIP ke kula da aiwatar da ita. In rauni ne babba, ko an fito da wuƙa, ko an taɓa yaro ta hanyar lalata, namiji ne ko mace, wannan ya wuce sulhun ofishin firinsifal, asibiti ne nan take sannan 'yan sanda, kuma kada kunyar "me mutane zasu ce" ta sa a binne. Lambar gaggawa 112 ce.

Ku tuna bidiyon nan na Afrilun 2024, na wata makarantar kuɗi a Abuja, yarinya tsaye ana marinta ana maimaitawa, har ministar mata ta lokacin Uju Kennedy-Ohanenye ta je aka rufe makarantar kwana uku. Abu biyu na ɗauka a ciki. Tsadar makaranta bata hana komai. Sannan ni abinda yafi tsaya min a rai sauran yaran ne, waɗanda ke tsaye suna kallo da wanda ya riƙe waya yana ɗauka. Mai cin zali 'yan kallo yake yi wa, in babu mai dariya rabin daɗin ya tafi. A ƙasar Finlan akwai wani shiri da ake kira KiVa da jami'ar Turku ta tsara, ƙarfinsa duk a kan 'yan kallon nan yake, a koya musu su daina bada goyon baya su tsaya wa wanda ake zalunta. Mu ma muna da wannan a addini tun tuni, Annabi SAW yace ka taimaki ɗan uwanka ko shi ke zalunci ko shi ake zalunta, da aka tambaya yaya za'a taimaki azzalumi yace ka hana shi, kuma aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabi. Yaranmu sun haddace ta a Islamiyya, saura mu haɗa musu ita da abinda ke faruwa a benci. Ki faɗa wa yaronki ko bazai iya shiga tsakani ba, kada yayi dariya, kada ya ɗauka a waya don nishaɗi, ya je ya kira malami, kuma bayan an watse ya je ya zauna kusa da yaron. Mu manya kuma mu daina tura irin bidiyon nan gurup-gurup da fuskar yarinyar a fili, a kai wa hukuma ya isa, ita zata rayu da shi shekara da shekaru.

Tunda an zo kan waya, yanzu cin zalin yana biyo yaro har ɗaki. Gurup ɗin aji a WhatsApp, a mai da hoton yarinya sitika, a buɗe akawun na bogi a TikTok ko Facebook da sunanta. In ta nuna miki, abu na farko sikirinshot kafin a goge, sannan a toshe a kai rahoto, a kai wa makaranta in 'yan ajinsu ne, in akwai barazana ko hoton tsiraici kuma dokar laifukan intanet ta 2015 ta shafe shi. Amma kada ki ƙwace wayar a ranar da ta kawo ƙara, in kika yi haka kin koya mata cewa faɗa miki asara ce. Dokar waya a gida, kamar ba'a kwana da ita a ɗaki, a kafa ta tun kafin matsala ta zo.

Sai ɓangaren da babu uwar da ke son ji, a kira ki ace yaronki ne ke yi. Bakinmu yana saurin cewa "ɗana bazai aikata ba, sharri ne." Ki daure ki saurara har ƙarshe, ki nemi bayani dalla-dalla. In ya tabbata, duka bazai gyara ba, don darasin da ya riga ya iya kenan, mai ƙarfi ya daki mara ƙarfi. Ya mayar da abinda ya ƙwace daga kuɗinsa ko kayansa, ya bada haƙuri da bakinsa in wancan yaron ya yarda su haɗu, a janye masa wani gata na ɗan lokaci, kuma ki cigaba da bibiya wurin malamai. Sannan ki bincika ko shima wani ke cin zalinsa a sama, yana saukewa a ƙasa. Kuma mu dubi gidan da kyau. Yaya muke yi wa 'yar aiki magana a gabansu? Almajirin da ke mana wanke-wanke da wane suna muke kiransa? A gidan da ke da mata biyu uku, me ake bari 'yan ɗaki ɗaya suyi wa 'yan ɗayan ɗakin? Babban wa da aka ba bulala akace ya kula da ƙanne, wa ke duba yadda yake amfani da ita? Islamiyya ma haka, monita da dorina a hannu malam ya fita, ki tambayi yaranki me ke faruwa a wannan mintunan.

Taron PTA kuma mu daina barinsa ya ƙare a kan kuɗin gini da na bas. Ki ɗaga hannu ki tambaya ko makarantar nada rubutacciyar doka kan cin zali, a karanto ta. A makarantun gwamnati akwai kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, da iyaye ke ciki, a shiga. Ku nemi a hana siniyoyi da firifet hukunta juniya da hannunsu, a saka akwatin ƙorafi a inda yaro zai jefa takarda ba'a gan shi ba kuma wani malami amintacce ya dinga buɗewa, a samu babba mai kwana kusa da hostel. UNESCO ta ware Alhamis ta farkon watan Nuwamba a matsayin ranar yaƙi da cin zali a makarantu, ko wannan ranar kaɗai kuka sa makaranta ta tara yara da iyaye ayi magana a fili an rage wani abu. In ku biyar kuka tashi da magana ɗaya ba'a iya ce muku masu fitina kamar yadda ake ce wa mutum ɗaya.

Canja makaranta ba gazawa bace in an gwada an ga babu niyyar gyara, kuɗin tam da kika biya bai kai lafiyarsa ba. Kuma ko an canja ki cigaba da lura, don abin yana daɗewa a zuciya. Yaron da ya daina cin abinci, baya barci, yana yanka jikinsa, ko kika ji yace gara ya mutu ya huta, kada ki ce masa yayi istigfari kawai ki wuce, ki kwana kusa dashi, ki kawar da magunguna da fiya-fiya daga inda hannunsa zai kai, ki kai shi ya ga likita, JUTH suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, zuwa can kuma ba yana nufin hauka ba. Addu'a da asibiti a haɗa su.

Mu dai bamu canja ba a ƙarshe. Abbansu ya rubuta wasiƙa, muka koma sau uku, aka mayar da yaron wani ɗaki, aka karɓe muƙamin siniyan aka kira iyayensa, suwaita ɗaya ta dawo ɗayar ba'a ganta ba. Ya ɗauki kusan shekara kafin yaron ya daina firgita in an taɓa shi yana barci. Abbansu da kansa ya zaunar dashi ya janye maganar namiji baya kuka, nima na bashi haƙuri a kan rantsuwar da nayi.

Yanzu shi ne a SS2, kuma tsorona ya juya ɗaya gefen, don na san wanda aka yi wa yana iya yi. An bashi wani ƙaramin yaro ɗan JSS1 daga Bukuru yana kwana a gadon ƙasansa. Duk bizitin sai nace a kira min yaron, in zuba masa abinci tare da nawa, in aiki nawan sayo ruwa, in tambayi ƙaramin wa ke ɗebo ruwan wanka da asuba kuma makullin lokarsa na hannun wa. Wancan zuwan ya ciro makullin daga wuyansa ya nuna min. Asabar ɗin ƙarshen watan nan zan koma in sha Allah, sanyi ya fara shigowa, na riga na sayo suwaita biyu a Terminus, ɗaya babba ɗaya ƙarama.